Jidda

Jidda birni ne na ƙasar Saudiyya da ke bakin Bahar Maliya, kimanin kilomita 80 yamma da Makka. Ita ce ta biyu a yawan jama'a bayan Riyad, da mutane sama da miliyan uku. Tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan aka mayar da ita mashigar Makka ta ruwa, kuma aikin hajji ne ya tara mata jinsi iri-iri: Hadramawan Yaman, 'yan Indiya, Jawawa, Bukharawa, da 'yan Afirka ta Yamma da ake kira Takari, cikinsu har da jikokin Hausawan da suka keto Chadi da Sudan a ƙafa.

Baƙo ya fara da Al-Balad, tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. An rushe ganuwarsa a 1947, amma dogayen gidajen da aka gina da dutsen murjani suna nan, tagoginsu na sassaƙaƙƙen katako sun turo kan lungu, iska na shiga, na waje kuwa ba ya ganin na ciki. Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, ya fi sauran suna.

Da almuru jama'a kan cika bakin teku suna kallon maɓuɓɓugar Sarki Fahad. Jirgin ƙasan Haramaini, da ya fara aiki a 2018, yana kai mutum Makka da Madina. Zafi da gumi sun yi yawa daga Yuni zuwa Satumba; mai yawon buɗe ido gara ya zo tsakanin Disamba da Fabrairu.