COUNTIF da COUNTIFS: Ƙirga gurabun jadawali bisa sharaɗi

COUNTIF dabarar lissafi ce a manhajar Excel da Google Sheets, wadda ke ƙirga gurabun jadawali da suka cika sharaɗi guda. Abu biyu take buƙata: jerin guraben da za a duba, da sharaɗin kansa.

Idan ma'aikacin ƙaramar hukumar Gwarzo na riƙe da sunayen manoman da za a raba wa taki, mazaɓa a ginshiƙin B, yawan buhu a C, to =COUNTIF(B2:B500,"Kara") za ta fitar da adadin manoman mazaɓar Kara. Sharaɗi fiye da ɗaya kuwa sai COUNTIFS, wadda ta zo da Excel 2007: =COUNTIFS(B2:B500,"Kara",C2:C500,">=2") tana ƙirga 'yan Kara masu buhu biyu zuwa sama. Dole ne tsawon jerin biyu ya zo daidai, in ba haka ba sai ta nuna #VALUE!.

Ba ruwanta da babban baƙi ko ƙarami, amma tazara ɗaya bayan sunan mazaɓa ta isa ta fitar da manomi daga ƙidaya, kason mazaɓarsa ya ragu. Masu gaggawa kan rubuta "Kara*" don kauce wa hakan, alhali a jadawalin da ya haɗa Gwarzo, Kabo da Karaye, tauraron nan zai kwaso Karaye ma. Gara a fara share tazarar da TRIM kafin ƙirga.