Fati Nijar

Binta Labaran, wadda duniya ta fi sani da laƙabin Fati Nijar, mawaƙiya ce kuma 'yar wasan kwaikwayo, haifaffiyar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. A can ta tashi da sha'awar waƙoƙin gargajiya, har Allah ya ƙaddara ta kai wa yayarta ziyara birnin Kano, inda ta shiga ɗakunan ɗaukar sauti, muryarta ta bazu cikin finafinan Hausa daga Kazaure har Damagaram. Ko da yake ta fito a finafinai, waƙa ce asalin sana'arta, kuma da ita take gwangwaje taron biki. Cikin waƙoƙinta, "Girma-Girma" ta shahara ƙwarai. Masoyanta suna kiranta Gimbiyar Mawaƙa.