Matsalar Abinci ta Stigler da Darasinta ga Masu Tsara Lissafi

A shekarar 1945 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Stigler, ya wallafa lissafin abinci mafi arha da zai riƙe mutum shekara guda. Ya duba nau'in abinci 77 da buƙatun jiki 9, ya sami dala 39.93 bisa farashin 1939. A 1947 aka sake lissafin da dabarar simfileks ta George Dantzig, aka sami dala 39.69. Sai dai abincin da Stigler ya zaɓo, wato garin alkama da kabeji da alayyaho da wake da madarar gwangwani, da wuya mutum ya jure cin sa kullum. Wannan ya nuna cewa amsar da ta fi kyau a takarda sai an auna ta da rayuwar jama'a kafin a karɓe ta.