Wa ke da kifin tafki a ƙasar Gobir?

Duk lokacin da ƙudurin dokar albarkatun ruwa ya sake ɓulla a majalisar tarayya, kamar yadda ya yi a 2018 da 2020, gwamnoni da 'yan majalisa ne ke ja-in-ja kan wanda zai riƙe gulabe. Ba a tambayar masuncin Sabon Birni ko Isa, alhali shi ne ya fi kowa daɗewa da wannan shari'a. Idan gulbin Rima ya yi ambaliya ya janye, ya bar tafki cike da tarwaɗa da karfasa a gonar wani, na wane ne kifin: mai gona, sarkin ruwa, ko duk mai homa?

Magana biyu ake yi kan yadda abin yake tun zamanin Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Wasu na cewa ruwa na sarki ne, sarkin ruwa mai karɓar masa rabo ne kawai. Wasu na cewa amana aka ba shi: ya rufe tafki har kifi ya girma, ya sa ranar buɗewa, kowa ya shiga. Ta biyu ta fi kama hankali. Mai mallakar abu ba ya bukatar gayyar gari ranar girbi, kuma kamun kifi na gayya, irin wanda Argungu ta mayar biki tun 1934, shaida ce cewa haƙƙin na jama'a ne. Fiƙihun Malikiyya da alƙalan Sakkwato ke hukunci da shi ma ya karkata nan, domin Muhtasar na Halilu bai yarda mutum ya hana kamun kifi ba ko da ruwan na cikin mallakarsa. Za a ce ai sarakunan ruwa sun karɓi kifi da kuɗi, wasu har sun zalunta. Gaskiya ne, amma cin amana ba ya mayar da amana gado.

Inda aka yi wa masunta illa shi ne ranar da aka fara auna haƙƙi da takarda. Dokar filaye ta 1978 ta san gona, ba ta san rabon kifi ba. A madatsar ruwa ta Bakolori, cikin Afrilun 1980, 'yan sanda sun buɗe wuta kan manoman da suka tare hanya suna neman diyyar gonakinsu. Adadin da hukuma ta faɗa kaɗan ne, mutanen yankin kuwa ɗaruruwa suke ƙirgawa. Manoman nan ko ba komai suna da gonar da za a auna. Masuntan da ke ƙasa da madatsar, waɗanda binciken W. M. Adams ya nuna kamunsu ya ragu bayan ambaliya ta yi ƙaranci, ba su da abin nunawa a kotu.

Sabon Birni tana tsakanin madatsu biyu: Goronyo a ƙasa, mai tare kifin da ke hawowa da damina, da Jibiya a sama, kan ruwan da ke ratsa Maraɗi ya dawo Rima. Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ta yi maganar rabon wannan ruwa tsakanin Najeriya da Nijar, dokar kamun kifi ta Najeriya ta 1992 ta hana guba da nakiya ta kawo lasisi, doka ta 101 ta 1993 ta ɗora ruwan da ya ratsa jihohi a hannun tarayya. Amma yau a Isa da Sabon Birni 'yan bindiga ke yanke wanda zai isa fadama.