Kayan Doki: Daga Fagen Fama Zuwa Filin Murtala

Manyan kayan doki guda uku, wato sirdi da linzami da likkafa, duk sunayensu daga Larabci Hausa ta aro su. Wannan kaɗai ya nuna hanyar da suka biyo: ta hamada suka ratso, tare da fatake da malamai. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) aka fara dawakin zage, kuma shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi, wadda har yau ake zuwa neman kayan doki a cikinta.

Sirdin Hausa aikin hannu da yawa ne. Masassaƙi ke fitar da itacen, baduku ya lulluɓe shi da fata, maƙeri ya ƙera likkafa da linzami da ƙaimi, sannan maɗinki ya ƙawata shimfiɗun. Fatar kuwa sai ta bi ta hannun majemi, a jeme ta da bagaruwa, a rina ja da karan dafi. Siffar sirdin ta yaƙi ce. An ɗaga kwacciyarsa ta gaba da ta baya domin su riƙe barde kada ya zame idan ya kai sukar mashi. Likkafar ma mai faɗi ce, tana ɗaukar tafin ƙafa gaba ɗaya, gefenta kuma na iya maye gurbin ƙaimi.

Ɗaura sirdi yana da tsari. Zubka ake fara ɗorawa a gadon bayan doki domin kada itace ya ci shi, sai sirdi, a ja majayi ta ƙarƙashin ciki a ɗaure tam, daga bisani a shimfiɗa jalala. Idan zubka ta yi tauri saboda gumi, ko majayi ya yi sako-sako har sirdi yana kai da komowa, bayan doki kan yi miki, kuma dokin da ya yi miki sai ya shafe makonni a turke. Linzamin gargajiya shi ma abin lura ne. Yana da zoben ƙarfe da ke kewaye haɓar doki, shi ya sa mahayin da ya taho a sukwane ke iya yin tirjiya cak a gaban sarki. Amma a hannun wanda bai ƙware ba, yaga bakin doki yake yi. Kayan gida kuwa ba su da tsada, sai dai ba a rabuwa da su: ragama, da igiyar turke, da dabaibayi, da akurkin harawa.

A fada, kula da waɗannan kaya muƙami ne. Shamaki ke da barga, Madawaki ke jagorantar mahaya. Daga nan ne harshe ya samo "riƙe ragamar mulki" da "ƙara ƙaimi" da "likkafa ta yi gaba".

Yaƙin Turawa na 1903, wanda aka ci Kano da Sakkwato, shi ya kawo ƙarshen doki a fagen fama, domin lifidin auduga ba ya tare harsashi. Kayan suka koma na hawan Salla da tarbar manyan baƙi. A nan Kaduna ta shigo cikin labarin. Garin sabo ne, jirgin ƙasa da barikin soja suka raya shi, ya zama hedikwatar Arewa a 1917. Ba shi da tsohuwar unguwar dukawa irin ta Kano, amma shi ya karɓi hawa mafiya girma na ƙarnin da ya wuce: na zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, da na samun mulkin kai na Arewa a 1959, da na bikin FESTAC a 1977, inda sarakuna suka zo da dubban dawaki. Tsohon filin sukuwa, wanda yanzu ake kira Filin Murtala, shi ne dandalin dawakin garin.

Hafsoshin Turawa kuma sun kawo wasan holo, tare da sirdi marar kwacciya da linzami mai sauƙi a baki. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo suka rungumi wasan, ya yi saiwa a Arewa.

Babbar Kasuwar Kaduna, wadda ke kan titin Ahmadu Bello kuma take ɗauke da sunan Sheikh Abubakar Gumi, tare da garin ta girma, kasuwa ce ta kayan da ake kawowa daga nesa. Haka lamarin kayan doki yake a Kaduna: na gargajiya daga tsofaffin birane irin su Kano da Zariya da Katsina suke fitowa, na holo kuma yawanci daga ƙasashen waje. Sana'ar tana raye ne saboda hawan Salla da hawan angwanci da kilisa. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci kiyayewa.