Daga Gindiri zuwa Bukuru: yadda ekklisiyoyin Arewa suka zauna aji ɗaya

A shekarar 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya ja gaba. Shekara biyu bayan haka, a 1934, mishan ɗin SUM ya buɗe makarantar horar da masu bishara da malamai a Gindiri, cikin ƙasar Mangu ta Jihar Filato ta yau. Littafin ne ya share wa makarantar hanya. Ɗaliban sun fito daga ƙabilu barkatai, Birom da Tarok da Angas da Mwaghavul da sauransu, kowa da yaren gidansu, Hausa ce kaɗai ta iya zaunar da su kan benci ɗaya.

Abin da ya fi burge ni a tsarin Gindiri shi ne yadda ba a cire mutum daga cikin jama'arsa ba. Magidanci kan zo da matarsa da 'ya'yansa, ya yi noma ya ci da gidansa, ya kuma shiga aji. Matar ita ma tana da nata ajin. Idan sun gama sai su koma ƙauye, mijin da fartanya a kafaɗa kamar kowa, da yamma kuma a taru a majami'ar jinka. Littafi ɗaya ne a hannun mai bishara, yana bin layi da yatsa yana karantawa da ƙarfi, tsofaffi da yara suna maimaitawa. A irin wannan zama, musamman ajin baftisma, mutane da yawa suka fara sanin baƙaƙen boko. Tauhidin da suka koya ba mai zurfi ba ne, amma na kowa ne, kuma mai tambaya yana iya tsayar da malami a tsakiyar aya.

A 1938 aka naɗa fastoci uku na farko na reshen SUM da ya buɗe Gindiri: Toma Tok Bot, Bali Falang da David Lot. Daga baya Lot ya yi fice har a siyasar yankin Tsakiyar Nijeriya.

Da mulkin kai ya matso, shugabannin ekklisiya suka ga cewa fasto zai tsaya gaban ma'aikatan gwamnati da 'yan boko, dole ya san Turanci, ya kuma taɓa Helenanci da Ibrananci. Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Sudan, wadda aka kafa a 1955 kuma ake kira TEKAN yanzu, ita ce ta ɗauki nauyin wannan buri. A 1959 Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya, wato TCNN, ta fara aiki a Gindiri ƙarƙashin Dokta Harry Boer, kafin ta koma mazauninta na dindindin a Bukuru kusa da Jos.

Ƙarfin halin da aka yi a nan ba ƙarami ba ne. Ɗan Lutheran daga Numan, wanda aka yi wa baftisma yana jariri, ga shi kusa da ɗan ekklisiyar EYN daga ƙasar Bura ko Margi, wanda aka nutsar cikin ruwa sau uku bayan ya girma. Malami ɗaya, darasi ɗaya, kuma ba a ce wani ya bar koyarwar ɗarikarsa ba. Ba kowa ne ya yarda ba. A Amurka, ekklisiyar da ta aiko Boer ta daɗe tana muhawara kan ko ya dace ta tallafa wa makarantar haɗin gwiwa, ekklisiyar Tibi ta NKST kuwa ta buɗe tata kwalejin a Mkar a 1971.

TCNN ta ɗore, ta ƙulla alaƙa da Jami'ar Jos, tana ba da digiri. Sai dai hawan da aka yi zuwa Turanci ya bar giɓi da ke damuna. Yawancin masu zuwa nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako a karkara, da matan Zumuntar Mata, har yau da Hausa suke karatu. Littattafan sharhi da tarihin ekklisiya da fastonsu ya karanta a Bukuru kuwa, kaɗan ne daga cikinsu aka rubuta ko aka fassara da harshen da waɗannan mutane za su iya ɗauka su karanta da kansu.