Yadda ake tace hayaniya daga bidiyon gonakin Kura da Bunkure

Yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam a jihar Kano na daga cikin wuraren da malaman gona da 'yan jarida da matasa masu wayar salula ke yawan ɗaukar bidiyo.

Yankin na samun ruwa ne daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a shekarar 1974, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da aka kafa a 1976, ita ce ke kula da shi.

Sai dai kuma sau da yawa hoto kan fito tangaran, amma maganar da ke cikinsa ba ta fita.

A bidiyon da ke koya wa manomi yawan takin da zai zuba wa shinkafa, ko ma'aunin maganin feshin tumatir, rashin jin kalma ɗaya na iya janyo hasarar amfanin gona.

Ina hayaniyar ke fitowa?

Masu tace sauti sun kasa hayaniya gida biyu.

Akwai wadda ba ta canzawa, kamar ƙugin injin ban ruwa da na janareta da na injinan casar shinkafa a garin Kura, da kuma hucin da ita kanta na'urar ɗaukar sauti ke yi idan an ƙure ƙarfinta.

Akwai kuma mai zuwa ta wuce, kamar ƙahon motocin da ke bin hanyar Kano zuwa Zariya, da bugun iskar hunturu a kan makirufo, da hirar mutanen da ke gefe.

Kashi na farko ya fi sauƙin cirewa, domin manhaja na iya gane kamanninsa.

Yaya manhajar ke aiki?

Kowane sauti girgiza ce ta iska, ana kuma auna yawanta a cikin daƙiƙa ɗaya da ma'aunin Hertz.

Mai tacewa kan zaɓi 'yan daƙiƙoƙi da babu mai magana a cikinsu, sai hayaniyar zalla.

Manhajar za ta auna ƙarfin hayaniyar a kowane mataki na sauti, daga mai kauri zuwa siriri, sannan ta bi sauran faifan tana rage duk abin da bai ɗara wannan ma'auni ba.

Wani masani a Amurka, Steven Boll, ya wallafa bayanin dabarar da ta zama tushen wannan hanya a shekarar 1979.

Manhajar Audacity, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka soma a Jami'ar Carnegie Mellon, aka kuma fito da ita a shekarar 2000, tana yin wannan aiki kyauta.

Haka zalika Adobe Audition, wadda a da ake kira Cool Edit Pro kafin kamfanin Adobe ya saye ta a 2003, tana da irin wannan tsari.

Ƙugin lantarki kuwa yana da nasa magani. Wutar Nijeriya na tafiya ne a kan Hertz 50, don haka ana datse wannan mataki da ninkinsa, wato 100 da 150.

Ana kuma yanke duk sautin da ke ƙasa da kimanin Hertz 80, inda gurnanin iska da na manyan motoci ya fi yawa, ba tare da an illata muryar mutum ba.

Me ke faruwa idan aka zarce?

Hayaniya da murya kan haɗu a matakai da dama, saboda haka duk abin da aka cire daga ɗaya sai ya shafi ɗayan.

Idan aka matsa wa manhajar, murya kan koma kamar ta wanda ke magana a cikin randa, wani siririn ƙara mai kama da na ƙarfe kuma ya riƙa biyo bayanta.

Huci na zaune ne a matakan sama, inda sautukan "s" da "sh" su ma suke. Idan aka share wurin baki ɗaya, bambanci tsakanin "sa" da "sha", ko "suka" da "shuka", na iya dusashewa.

Dalili kenan da ya sa ƙwararru kan fara da ragi kaɗan, kamar desibel 6 zuwa 12, su saurara da abin sawa a kunne, kuma su ajiye faifan asali ba tare da sun taɓa shi ba.

Sababbin manhajoji

A shekarar 2022 kamfanin Adobe ya fito da Enhance Speech, yayin da aka ƙara wa DaVinci Resolve tsarin ware murya.

Waɗannan na aiki ne da ƙirƙirarriyar basira, ba sa bukatar samfurin hayaniya, kuma sukan iya cire ƙarar da ke zuwa ta wuce.

To amma sukan gyara muryar ne bisa irin maganganun da aka horar da su a kai, don haka ya wajaba mai jin Hausa ya sake sauraren faifan, musamman wuraren da aka ambaci adadi ko sunan magani.

Riga-kafi a gona

Mafi yawan matsalar ana iya kauce mata tun kafin a koma kan kwamfuta.

A fili, duk lokacin da aka rage tazarar da ke tsakanin baki da makirufo da rabi, ƙarfin murya kan ƙaru da kimanin desibel 6, alhali ƙarar injin da ke nesa tana nan yadda take.

Ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, tare da soso ko rigar gashi mai tare iska, ya fi na jikin kyamara ko waya nesa ba kusa ba.

Ana kuma iya roƙon mai injin ban ruwa ya kashe shi na 'yan mintoci, ko a matsa nesa da shi, mai magana ya ba iska baya.

Daga ƙarshe, kafin a tashi, a ɗauki kimanin daƙiƙa 30 kowa ya yi shiru, domin shi ne samfurin da manhajar za ta bukata a lokacin tacewa.